Hukuncin Allah da Jinƙansa a Littafi Mai Tsarki: Akwai Saɓani Ne?

Tambaya: Ina koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi, kuma akwai maganar da suke yawan tayar mini da ita har ni kaina ta fara damuna. Muna koya musu cewa Allah ƙauna ne, mai yawan jinƙai da gafara, amma suna karanta inda ya hallaka duniya da ruwa, ya ƙone Saduma, ya kuma umarci Saul ya kashe Amalekawa har da jarirai. A littafin Fitowa an ce yana hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye, a Ezekiyel kuma an ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Yesu ya ce bai zo domin ya hukunta duniya ba, a wani wurin kuma ya ce saboda hukunci ya zo. Wannan ba saɓani ba ne? Ko kuwa Allahn Tsohon Alkawari daban ne da na Sabo?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da matasanka suka hango yana nan a rubuce, ba su suka ƙirƙira shi ba, saboda haka kada ka ɗauki tambayarsu a matsayin rashin bangaskiya, kuma kada ka rufe musu baki da cewa ba a yi wa Allah tambaya. Sai dai abubuwan da ka jero ba nauyinsu ɗaya ba. Wasu suna warwarewa da zarar mutum ya karanta abin da ke gaba da bayan ayar, wasu sai an san tarihin lokacin da aka faɗe su, batun Amalekawa kuwa yana nan da nauyinsa ko bayan an gama duk bayanin da za a iya yi, shi ya sa zan bar shi zuwa ƙarshe.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi tsufa, kuma ikilisiya ta riga ta fuskance ta tun a ƙarni na 2. Wani mutum mai suna Markiyon, ɗan garin Sinofe da ke gaɓar Bahar Aswad a ƙasar Turkiyya ta yau, ya je birnin Roma yana koyar da cewa alloli biyu ne: wanda ya halicci duniya ya ba Musa Shari'a, mai tsanani da ramako, da kuma Uban Yesu, mai alheri zalla wanda ba ya hukunta kowa. A wajen shekara ta 144 ikilisiyar Roma ta fitar da shi daga zumunci. Abin lura a labarinsa shi ne, domin koyarwarsa ta tsaya sai da ya yar da Tsohon Alkawari dungum, bai tsaya nan ba, ya yar da mafi yawan Sabon Alkawari, ya riƙe Bisharar Luka kaɗai da wasiƙun Bulus guda 10, su ma bayan ya yanke sassan da ba su yi masa daɗi ba. Ireniyos bishop na Liyon ya yi masa raddi, Tertuliyan na Kartaj a Arewacin Afirka kuma ya rubuta littattafai 5 a kansa, inda ya nuna cewa allahn da zai hana mugunta da baki amma ba zai taɓa ɗaukar mataki a kanta ba bai cancanci a kira shi nagari ba. Duk mai karatu zai iya gwada rabon Markiyon da kansa ya ga ba ya tsayawa. A Sabon Alkawari ne Hananiya da Safiratu suka faɗi matattu saboda ƙarya (Ayyukan Manzanni 5), kuma daga bakin Yesu ne aka ji labarin raba tumaki da awaki a ranar shari'a (Matiyu 25). A Tsohon Alkawari ne kuma Allah yake magana kamar uban da zuciyarsa ta karye, yana cewa yaya zai iya rabuwa da Ifraimu, wato Isra'ila (Yusha'u 11:8), a can ne kuma aka ce ya nisanta laifofinmu daga gare mu kamar nisan gabas da yamma (Zabura 103:12).

Wurin da nake so ka zaunar da ajinka a kai shi ne Fitowa 34:6-7, domin a nan ne jinƙai da hukunci suke zaune cikin jimla guda, kuma Allah da kansa ne yake bayyana halinsa ga Musa. Ya ce shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna da aminci, mai riƙe ƙauna ga dubbai, mai gafarta mugunta da tawaye da zunubi, amma ba zai ƙyale mai laifi ba, yana bin laifin iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Wanda ya rubuta wannan bai manta da farkon jimlarsa ba kafin ya kai ƙarshenta. Da gangan aka haɗa su, kuma lokacin da aka faɗi maganar yana taimaka mana mu gane dalili. Isra'ilawa ba su daɗe da ƙulla alkawari a Dutsen Sina'i ba suka ƙera ɗan maraƙi na zinariya suka yi masa sujada. An yi hukunci, mutum wajen 3,000 suka mutu a hannun Lawiyawa, Musa ya yi roƙo har ya ce a shafe sunansa daga littafin Allah in ba za a gafarta wa jama'ar ba. Bayan wannan duka ne Allah ya sa aka sassaƙa sababbin alluna, ya sabunta alkawarin da mutanen da suka karya shi. Wato ayar bayani ce a kan yadda aka yi al'ummar da ta cancanci a shafe ta ta ci gaba da rayuwa, ba tare da an ce abin da ta yi ba kome ba ne.

Ka lura kuma da cewa ba a auna su da mudu ɗaya ba. Ƙauna ga dubbai take kaiwa, Maimaitawar Shari'a 7:9 ma ta ce tsara dubu, hukunci kuwa ya tsaya a uku ko huɗu. Wannan rinjaye yana ratsa littattafan annabawa. Ishaya 28:21 ya kira hukunci baƙon aiki a wurin Allah, abin da Martin Luta ya gina koyarwa a kai inda ya bambanta baƙon aikin Allah da ainihin aikinsa. Littafin Makoki, wanda aka rubuta a kan kangon Urushalima bayan Babiloniyawa sun rushe ta a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ya ce ba da son zuciyarsa Allah yake wahalar da 'yan Adam ba (3:33), kuma wanda ya faɗi haka ba daga cikin jin daɗi yake magana ba, ya riga ya kwatanta yara suna suma saboda yunwa a titunan birnin. A ganina duk wanda ya koyar da cewa jinƙai da fushi rabi da rabi ne a halin Allah bai bi nassin ba, haka ma wanda ya share rabin jimlar na biyu.

Wannan ya kawo mu ga Fitowa da Ezekiyel. Abu na farko, a Dokoki Goma inda aka fara faɗin maganar tsara ta uku da ta huɗu (Fitowa 20:5), an ƙara da cewa na waɗanda suke ƙina, wato zuriyar da ta ci gaba da bin hanyar iyayenta. Abu na biyu, tsara uku zuwa huɗu shi ne iyakar mutanen da za su iya zama a raye a gida ɗaya, kuma mu da muka san gidan gandu ba ma bukatar dogon bayani a nan: idan maigida ya sayar da gonar gado ya kashe kuɗin a shaye-shaye, 'ya'yansa da jikokinsa har da tattaɓa-kunnen da ke goye za su sha yunwar, alhali kuwa ba wanda zai ce jaririn ya yi laifi. Akwai ɗaukar sakamakon abin da wani ya aikata, akwai kuma ɗaukar alhakinsa. Shari'ar Musa kanta ta hana alƙalai haɗa su, domin Maimaitawar Shari'a 24:16 ta ce ba za a kashe iyaye saboda 'ya'ya ko 'ya'ya saboda iyaye ba, kuma an rubuta cewa sarki Amaziya ya bi wannan doka sa'ad da ya kashe waɗanda suka kashe mahaifinsa amma ya bar 'ya'yansu (2 Sarakuna 14:6).

Ezekiyel kuwa da mutanen da aka kwashe zuwa Babila yake magana, shi ma yana cikin waɗanda aka tafi da su a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Suna da karin magana da suke yawan yi, cewa iyaye ne suka ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Da wannan magana suke wanke kansu, suna kuma yanke ƙauna: tun da laifin kakanni ne, tuba ba ta da amfani. A sura ta 18 annabin ya kawo misalin mutum adali, da ɗansa mugu, da jikansa wanda ya ga aikin ubansa ya ƙi bi, ya ce kowannensu a kan nasa za a yi masa shari'a, sa'an nan ya kai ga abin da yake nufi tun farko, cewa Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Ba zan ɓoye maka ba cewa akwai malaman da suke ganin ci gaba ne aka samu a nan, daga kallon al'umma a dunƙule zuwa kallon mutum ɗaya ɗaya, kuma suna da hujja a Irmiya 31:29-30, inda aka kawo karin maganar nan aka ce kwanaki suna zuwa da ba za a ƙara yin ta ba. Ni ina ganin duka biyun suna nan. An ƙara haske a kan alhakin mutum a zamanin bauta, amma Makoki 5:7, daga wannan zamani ɗin, har yanzu yana kukan cewa kakanni sun yi zunubi sun shuɗe, mu ne muke ɗauke da laifinsu. Abu ne da kowace tsara take gani da idonta.

Akwai wani abu game da hukunci a bakin annabawa da matasa ba su cika sani ba, shi ne cewa yawancin sanarwar hukunci gargaɗi ne mai ƙofa a buɗe ko da ba a ambaci ƙofar ba. Irmiya 18:7-10 ya faɗi ƙa'idar a fili: idan Allah ya ce zai tumɓuke wata al'umma, ta kuwa juyo daga muguntarta, zai janye masifar, idan ya ce zai gina wata, ta kuwa koma ga mugunta, zai janye alherin. Birnin Nineba, wanda kangonsa yake hayin kogin Dijla daura da Mosul a Iraƙi, shi ne babban misali, domin littattafai biyu aka rubuta a kansa kuma dukansu sun ɗauko Fitowa 34. Yunusa ya yi shelar cewa saura kwana 40 a kife birnin, bai sa wani sharaɗi ba, mutanen suka tuba, Allah ya fasa. Annabin ya husata, kuma abin da ya ba shi haushi shi ne ainihin abin da muke koya wa yara: ya ce ai dama ya san Allah mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi, shi ya sa tun farko ya gudu. Kada ka yi saurin zargin Yunusa. Assuriyawa, masu birnin Nineba, sun yi suna wajen feɗe fatar fursunoni da tsire mutane a kan itace, sarakunansu ma da kansu suka sa aka zana waɗannan abubuwa a bangon fadodinsu, kuma su ne suka rushe Samariya, babban birnin Isra'ila, a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. A wurin Yunusa jinƙan ne abin tuntuɓe. Littafin ya ƙare da tambayar Allah, ko bai kamata ya ji tausayin birni mai mutane fiye da 120,000 da ba su san damansu da hagunsu ba, ga kuma dabbobi masu yawa.

Nahum ya zo daga baya, a ƙarni na 7 kafin haihuwar Almasihu, shi ma ya ce Ubangiji mai jinkirin fushi ne, amma ya ci gaba zuwa inda Yunusa bai kai ba, cewa ba zai ƙyale mai laifi ba (1:3). Ya kira Nineba birnin jini, kuma a shekara ta 612 Babiloniyawa da Mediyawa suka rushe ta. Birni ɗaya ne, Allah ɗaya ne, aya ɗaya ce aka ɗauko, abin da ya canza shi ne mutanen da ke cikin birnin da abin da suka yi da jinkirin da aka ba su. Ko Ahab, wanda aka ce ba a yi sarkin da ya sayar da kansa ga mugunta kamarsa ba, da ya ji hukuncin da Iliya ya kawo masa a kan jinin Nabot, wanda aka kashe domin a ƙwace gonar inabinsa, ya yage tufafinsa ya yi azumi, sai Allah ya jinkirta masifar (1 Sarakuna 21:27-29). An jinkirta, ba a soke ba, domin jinin Nabot yana nan.

Maganar Nabot ta kai ni ga abin da nake ganin shi ne zuciyar al'amarin. Mu kan yi tambayar hukunci da jinƙai ne muna tsaye a wurin mai laifi, shi ya sa hukunci yake zame mana kishiyar ƙauna. Marubutan Littafi Mai Tsarki sau da yawa daga wurin wanda aka zalunta suke kallo. A Zabura 96 da 98 an ce sama ta yi murna, teku ya yi ruri, itatuwa su rera waƙa, koguna su tafa hannu, kuma dalilin wannan biki duka shi ne Ubangiji yana zuwa ya yi wa duniya shari'a. Ba mai murna da zuwan alƙali sai wanda aka danne wa haƙƙi. Labarin Saduma da kuka ya fara, Allah ya ce kukan da ake yi a kan birnin ya yi yawa (Farawa 18:20), Ezekiyel 16:49 kuma ya lissafa girmankai da ƙoshi da rashin taimakon matalauta cikin laifofinta. Jinin Habila daga ƙasa ya yi kuka. Ruwan tufana ya zo ne bayan an ce duniya ta cika da ta'addanci, kuma abin mamaki, dalilin da aka bayar kafin ruwan, cewa tunanin zuciyar mutum mugu ne (Farawa 6:5), kusan shi ne aka sake bayarwa bayan ruwan a matsayin dalilin da ya sa Allah ba zai ƙara yin haka ba (8:21). Fitar Isra'ilawa daga Masar kuwa, wanda ake tunawa da shi a matsayin babban aikin jinƙai, shi ne kuma hukuncin Fir'auna, aiki guda ne ba biyu ba.

Masanin tauhidi Miroslav Volf, ɗan ƙasar Kuroshiya wanda ya ga yaƙin da ya biyo bayan wargajewar Yugoslabiya a shekarun 1990, ya yi wata magana da ta girgiza masu karatunsa a Turai da Amurka: cewa mutum ba zai iya ajiye takobinsa da gaske ba sai ya gaskata cewa Allah zai yi sakayya, kuma ra'ayin cewa Allah ba ya hukunta kowa a unguwannin da ke zaune lafiya kaɗai yake iya tsira. Tushen maganar yana Romawa 12:19, inda Bulus ya hana ramuwa a kan dalilin cewa ramako na Ubangiji ne. A cikin ajinka ba mamaki akwai wanda aka ƙone ƙauyensu ko aka kashe masa wani nasa ba a kama kowa ba. Idan ka cire hukunci daga halin Allah domin ka sa shi ya yi daɗin ji, irin wannan yaro ka bar shi da zaɓi biyu ne kawai, ko ya haɗiye zaluncin a matsayin abin da ba wanda zai taɓa tambaya, ko ya ɗauki makami da kansa.

Maganganun Yesu a Bisharar Yahaya ba su da wuya sosai. A 12:47 ya ce bai zo domin ya hukunta duniya ba sai domin ya cece ta, amma aya ta gaba ta ce maganar da ya faɗa ita za ta hukunta mai ƙinta a ranar ƙarshe. A 9:39, inda ya ce saboda hukunci ya zo, ya faɗi haka ne bayan ya buɗe idon wanda aka haifa makaho, Farisiyawa kuma suka kori mutumin daga majami'a. Manufar zuwansa ceto ce, amma zuwan nasa yana raba mutane bisa ga yadda suka karɓe shi, kuma 3:19 ta riga ta bayyana haka, cewa hukuncin shi ne haske ya zo duniya mutane suka fi son duhu. Akwai kuma batun lokaci. A majami'ar Nazarat ya karanta Ishaya 61, ya tsaya a shekarar alherin Ubangiji, ya naɗe littafin bai karanta ranar ramako da ke biye ba (Luka 4:18-20). Bai musanta wannan rana ba, domin ya yi maganarta a wasu wurare da yawa. Ka nuna wa matasanka yanayin da yake ciki sa'ad da ya sanar da rushewar Urushalima, abin da sojojin Roma suka aikata a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu a ƙarƙashin Titus: Luka 19:41 ya ce kuka yake yi. Ka kuma nuna musu Luka 13, inda ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu sun fi sauran mutane laifi. Wannan ya isa ya hana mu ɗabi'ar nan ta cewa duk hatsari ko cuta ko ambaliya hukuncin Allah ne a kan wanda abin ya sama.

A koyarwar Kirista wurin da abubuwan biyu suka haɗu shi ne gicciye, kuma Bulus ya san cewa tambayar da yake amsawa ita ce taka, sai dai ta ɗaya gefen. A Romawa 3:25-26 abin da ke bukatar bayani a wurinsa shi ne yadda Allah ya yi ta ƙyale zunuban da aka yi a dā. Yaya aka ce wa Dawuda an kawar da zunubinsa bayan ya ƙwace matar Uriya ya kuma sa aka kashe shi? Wane alƙali ne zai yi haka a ce masa adali? Amsar Bulus ita ce Allah ya miƙa Almasihu hadaya domin ya nuna adalcinsa, ya zama shi mai adalci ne kuma mai kuɓutar da wanda ya ba da gaskiya. Ikilisiyoyi ba su bayyana yadda wannan yake aiki da murya ɗaya ba. Anselm na Kantabari, a ƙarshen ƙarni na 11, ya yi maganar biyan abin da mutum ya tauye na girman Allah. Masu gyaran ikilisiya a ƙarni na 16 suka ƙarfafa cewa Almasihu ya ɗauki hukuncin a madadinmu. Ikilisiyoyin Gabas kuma sun fi jaddada nasara a kan mutuwa da warkar da halin ɗan Adam. Kowace ka bi, ka kiyayi hoton da ake yawan zanawa a wa'azi, na Uba mai fushi da Ɗa mai tausayi da ya shiga tsakani ya lallashe shi, domin wannan Markiyon ne ya dawo da wata riga. Nassin ya ce Allah ne ya ƙaunaci duniya har ya ba da Ɗansa, kuma Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa (2 Korantiyawa 5:19).

Saura Amalekawa, da Kan'aniyawa tare da su. Akwai abubuwan da ya wajaba a sani kafin a yanke magana. An gaya wa Ibrahim cewa zuriyarsa za ta jira shekara 400 domin muguntar Amoriyawa, mazaunan ƙasar Kan'ana, ba ta cika ba tukuna (Farawa 15:13-16). An gaya wa Isra'ilawa cewa ba don adalcinsu ake ba su ƙasar ba (Maimaitawar Shari'a 9:4-6), an kuma gargaɗe su cewa ƙasar za ta amayar da su kamar yadda ta amayar da na gabansu idan suka yi irin aikinsu, abin da kuwa ya faru. Rahab Bakan'aniya ta tsira da gidanta, Akan Ba'isra'ile ya hallaka, wanda ya nuna ba jinsi ake bi ba. Laifin Amalekawa da aka ambata shi ne sun auka wa gajiyayyu da ke bayan ayari lokacin fitowa daga Masar (Maimaitawar Shari'a 25:17-18), kuma kafin yaƙin Saul ya aika wa Keniyawa da ke zaune cikinsu su fice.

Akwai kuma salon rubutun yaƙi na wancan zamani. A kan dutsen da Fir'auna Marnefta ya sa aka rubuta wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Almasihu, wanda aka tono a 1896 yake kuma birnin Alƙahira yanzu, an ce an lalata Isra'ila, irinta ya ƙare. Mesha sarkin Mowab ma, a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, ya rubuta a kan nasa dutsen cewa Isra'ila ta hallaka har abada. Kowa ya san Isra'ila ba ta ƙare ba, haka sarakuna suke faɗin cikakkiyar nasara. Littafi Mai Tsarki kansa yana nuna alamar wannan salo. Joshuwa 10 ya ce ba a bar kowa a Hebron ba, amma daga baya Kalibu yana korar 'ya'yan Anak daga can, kuma sura ta 1 ta littafin Mahukunta jerin garuruwa ce da Kan'aniyawa suka ci gaba da zama. An ce Saul ya hallaka Amalekawa duka in ban da sarkinsu, amma a 1 Sama'ila 27 da 30 Dawuda yana yaƙi da Amalekawa, har 400 daga cikinsu suka tsere a kan raƙuma.

Wannan duka yana rage girman abin da ya faru a ƙasa, amma bai cire kalmomin 1 Sama'ila 15:3 daga shafin ba, inda aka ambaci yara da masu shan mama, kuma laifin da ake bi na kakannin da suka mutu ɗaruruwan shekaru ne kafin nan. Malamin da ya ce maka wannan aya ba ta da wani nauyi bai yi maka adalci ba. Manyan malamai sun bi hanyoyi dabam dabam a kanta. Agustin bishop na Hippo a Arewacin Afirka ya tsaya a kan cewa mai ba da rai yana da ikon karɓarsa, kuma abin da Allah ya umarta a wani lokaci na musamman ba a auna shi da abin da mutum ya yi bisa ga son ransa. Orijen na Iskandariya, a wa'azinsa a kan littafin Joshuwa a ƙarni na 3, ya ce da a ce waɗannan yaƙe-yaƙe ba hoton yaƙin ruhu ba ne, da manzanni ba su bar wa ikilisiya littattafan ta riƙa karantawa ba. Wasu malaman zamaninmu suna cewa Allah ya yi aiki da mutanen da yaƙin ƙare dangi shi ne abin da suka sani, yana jan su a hankali zuwa inda za a gan shi sarai cikin Almasihu. Ni na fi karkata ga haɗa hujjar salon rubutu da wannan ta ƙarshe, tare da yarda cewa kowace hanya tana da inda take ɗingishi: ta Agustin tana iya sa adalci ya zama duk abin da mai iko ya ce, ta Orijen tana tsallake tarihi, ta uku kuma idan ba a yi hattara ba tana mai da mai karatu alƙalin da zai zaɓi ayar da ya ga dama.

Idan matashi ya ce har yanzu abin bai kwanta masa ba, ka buɗe masa Farawa 18, inda Ibrahim ya tsaya gaban Allah ya tambaya ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba, ya yi ta ragi daga mutum 50 har zuwa 10, ba a kuwa tsawata masa ba. Irmiya ya kawo ƙararsa a sura ta 12, Habakuk ya buɗe littafinsa da tambayar har yaushe. Abin da ba za ka bar shi a buɗe ba shi ne ko wani a yau zai iya ɗauko waɗannan ayoyi ya ce an ba shi izinin kashe wata ƙabila ko mabiya wani addini, domin an sha yin hakan a tarihi da sunan Almasihu. Yakubu da Yahaya sun taɓa gwada irin wannan karatu sa'ad da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, suka nemi izini su kira wuta daga sama kamar yadda Iliya ya yi. Luka 9:55-56 ya ce Yesu ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye.